Abin da tsohon CG ɗin kawu ya koya min

Mashin ɗin na kawuna ne, Honda CG125, ya fi shekara takwas a jingine a zaure an jibga masa tsofaffin buhuna, har kaji ƙwai suke sakawa a ƙarƙashinsa. Ranar da na ce ya sayar min, dariya ya yi ya ce "ɗauka kawai ɗana, in ya tashi ka zo ka kai ni masallacin Juma'a." Shi a tunaninsa gyara zan yi ya koma yadda yake. Ni kuma kaina ya riga ya cika da hotunan da nake gani a Instagram, irin baburan nan da ake kira kafe resa, masu gajeren sit mai tozo a baya, hannu can ƙasa, ba kariyar ɗaukar kaya ba madigadi ba komai, mutum ya kwanta a kan tanki kamar ƙadangare a kan katanga.

Salon nan asalinsa na samarin Ingila ne, tun ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin 1960. Suna taruwa a shagunan shan shayi na bakin hanya, wanda ya fi suna shi ne Ace Cafe a Landan, burin kowa mashin ɗinsa ya taɓa mil 100 a awa, wato kilomita 160 kenan. Wasu har injin Triumph suke ɗauka su ɗora a firam ɗin Norton su kira shi Triton, saboda wannan ya fi ƙarfi wancan ya fi riƙe hanya. Duk abin da suka cire a jikin babur don gudu suka cire shi, suna da dalili. Ni kuwa da CG ɗin da da ƙyar yake haura kilomita 100 ko da iska na tura shi ta baya, gaskiya don hoto na cire nawa.

Toh ranar farko ko kik ban buga ba, ban san injin yana tashi ko ba ya tashi ba, na aro giranda na datse bayan firam. Wallahi har yanzu in na tuna sai na ji kunya. Na kai Panteka aka lanƙwasa min bututu aka yi walda, aikin ya yi kyau ba laifi, laifin nawa ne don ni na ba da awo, kuma awon da na yi mashin na tsaye ne a kan jaki ba kowa a kai. Ban lissafa cewa in mutum ya zauna shokazoba zai nutse ba, in ya faɗa rami kuma ya ƙara nutsewa. Fitata ta farko taya ta dinga gugar ƙasan sit, ƙauri kawai nake ji kamar ana ƙona bola. Sai da aka yanke waldar aka ɗaga. Da na cire shokazoba tun farko na ɗaga tayar da hannu na ga iya inda take kaiwa, aikin minti biyar ne.

Amma wannan wasa ne a kan abin da ya biyo baya. A cikin sati ɗaya na cire akwatin iyakilina na sa ƙaramar matata irin mai kama da kofi a bakin kafireto, na canza salansa na sa gajere mai ƙara, na sake wayarin gaba ɗaya don a ɓoye wayoyi, aka yi wa firam da tanki fenti, na sa sabon fulogi. Duka a lokaci guda. Da na tada shi ya tashi, na yi murna har na ɗauki bidiyo, amma da na murɗa totur sai ya yi "booo" kamar an shaƙe shi, in na saki kuma salansa ya dinga harbi tas tas. Fitila ja-ja kamar aci-balbal. Sannan babban abin haushin, in na yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar sai ya fara shessheƙa ya mutu, in tsaya a bakin titi ina zufa ina duba fulogi, bayan ɗan lokaci in buga kik ya tashi lafiya lau kamar ba shi ba. Ciwo uku ne daban-daban ashe, ni kuma ina ɗaukarsu ɗaya, kuma ba yadda za a yi in san wanne canjin ne ya jawo wanne tunda duk tare na yi su.

Na sayi kwayil. Na sayi kondensa, na canza kontak, na wanke kafireto ya fi sau shida har na haddace kayan cikinsa. Wani a unguwa ya ce fistin ne, wani ya ce ai mashin ɗin da ya daɗe a ajiye sai an yi masa sadaka. Kuɗi na ta tafiya, mashin na ta mutuwa a wuri kusan ɗaya, har mai shayin wajen ya san ni.

Ƙarshe dai turo shi na yi wajen wani dattijon bakanike da kowa ke ce wa Baba, wanda tun zamanin Roadmaster yake wannan sana'a. Ya zagaya mashin ɗin sau biyu bai ce komai ba, sannan ya ce "yaro, me da me ka taɓa?" Na fara lissafi, ya ɗaga hannu ya ce "to me ka bari?" Yaransa suka fashe da dariya. Bai ɗauki sifana ba ma, cewa ya yi in hau in yi ta zagaye har ya mutu, in ya mutu kar in taɓa komai in turo shi haka. Da na kawo sai ya kara kunnensa a tanki ya buɗe murfin, muka ji "fusss". Ya miƙo min murfin ya ce in nemo ƙofar iska. Babu. Fenti ya toshe ta ruf.

Abin da ke faruwa shi ne, mai na sauka daga tanki zuwa kafireto ne da nauyinsa kawai, ba famfo, to in mai ya sauka dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba ta samu hanya ba sai tankin ya riƙe man kamar yadda in ka toshe bakin tiyo da yatsa ruwan ciki ba ya zuba. Tsayuwar da nake yi ina duba fulogi ita ke ba iska lokaci ta sulale a hankali, shi ya sa yake tashi daga baya, ni kuma ina ɗauka fulogin da na goge ne ya yi aiki. Allura Baba ya karɓa a hannun mai faci ya soke ramin. Sati uku ina wahala, allura.

Fitilar ma fentin ne. Wayar ati, wadda wuta ke bi ta koma ta jikin ƙarfe, na ɗaure ta a kan firam mai sabon fenti har hawa uku, wuta ba ta samun hanyar komawa sosai. Samfefa aka sa aka kankare wurin har ƙarfe ya fito fari, aka ɗaure aka shafa ɗan giris saboda tsatsa, haske ya dawo, tartsatsin fulogi ma ya koma shuɗi.

Na ukun shi ne ya ɗauki lokaci, kuma a nan na fi ƙaruwa. Baba ya ce kafin a zargi kafireto sai an tabbatar da sauran, don haka da safe injin na sanyi muka saita tafet, wato 'yar tazarar bawul, a milimita 0.08, bakin fulogi tsakanin milimita 0.6 da 0.7, aka duba taimin, aka fesa ɗan mai a robar da ke haɗa kafireto da injin a ji ko sulo zai canza, don in ta tsage iska na shiga ta nan. Sannan ya nuna min fulogina, fari fat kamar alli. Ya ce wannan yunwar mai ce, iska ta yi yawa, in baƙi ne mai ya yi yawa, wanda ake so shi ne kalar shayi da madara. Na buɗe wa injin baki da hanci, iska na shiga ba shamaki tana fita ba shamaki, amma man da nake ba shi na da ne. Kuma irin wannan ba ƙarfi kawai yake ragewa ba, zafi yake sa injin ya yi, a zafin Afrilu kana iya ƙona bawul ko fistin.

Shi ya koya min cewa kafireto kashi-kashi ne. Ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, shi ke aiki daga sulo zuwa wajen kwatan totur, allurar tsakiya daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma sai ka murɗe gaba ɗaya. Sai na liƙa salatif a hannun totur na yi alama, in hau in ji daidai ina yake shaƙewa. Muka sauke kilif ɗin allura gida ɗaya don ta ɗago, na hau na dawo muka duba fulogi. Washegari muka ƙara babban jet mataki ɗaya, na hau na dawo. Abu ɗaya a rana, kuma ya sa na sayi ɗan littafi ina rubutawa. Ni mai gaggawa abin ya ƙona min rai sosai, amma kwana biyar aka gama abin da na yi sati uku ina zagaye.

Daga baya ne nake karanta tarihin CG ɗin kansa, na ƙara jin kunya. A 1975 Honda ta fito da shi, kuma musamman don ƙasashe irin namu inda suka lura mutane ba sa juye baƙin mai a kan lokaci, ana lodi fiye da ƙima, ga ƙura. Shi ya sa suka yi injin da sanduna ke tura bawul ba sarƙar taimin ba, suka sa soson iyakilina da ake wankewa a mayar, suka rufe sarƙa ruf a cikin kwano. Wato abubuwan da aka zauna aka yi saboda ƙurarmu su ne na fara ɓallewa na jefar don ba su da kyau a hoto. Hunturun farko ya nuna min, sati biyu matatar nan ta koma ja, sarƙa kuma tana cin yashi da giris tana miƙewa. Damina ta zo, ba madigadin gaba, ruwan kwata a fuska da kan fulogi, kuma gaban yana rawa a kwana don ashe ƙarfen madigadin yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba biyu. Na mayar da shi, na dai rage tsawonsa. Lambar firam kam Allah Ya taimake ni giranda ba ta bi ta kanta ba, da takardun kawu sun zama banza.

Hannun ma na ɗan ɗaga shi, don na farkon in na karya kwana sosai yatsana yake matsewa da tanki, ga ciwon baya, ga kaftani ba ya zama a wannan kwanciyar. Akwatin iyakilina yana nan a ƙarƙashin gado na goge shi, ina ta shawara da kaina kafin hunturu mai zuwa.

Ranar Juma'ar da na kai wa kawu, ya fito da babbar rigarsa da darduma a kafaɗa, ya tsaya ya kalli sit ɗin nan mai cin mutum ɗaya, ya leƙa baya inda kariya take a da, ya kalle ni. Ya ce "injin dai na ji muryarsa, nawa ne. To ni a ina zan zauna?" A ƙafa muka tafi masallacin.