Mun ci shari'a, amma an sake ba su izini

Ina cikin waɗanda suka shigar da ƙara a madadin masunta da manoman bakin wani kogi, bayan hukuma ta bai wa wani kamfani izinin kafa masana'antar sinadarai a gefen ruwan. Batun cancantarmu ta kai ƙara bai ba mu wahala ba, kuma mun shigar da takardu cikin wa'adi, wanda a irin wannan shari'a ta neman kotu ta duba hukuncin hukuma gajere ne ƙwarai: wata uku a kotun tarayya ta Najeriya, mako shida kacal a Ingila idan kan izinin gini ne.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne sakamakon gwajin ruwan da muka kashe kusan duk kuɗinmu a kansa. Mun kawo kwalabe masu lamba, da hotunan matattun kifaye birjik a kan yashi kusa da wata masana'anta irinta, amma alƙali ya ture su gefe, ya bayyana cewa ba aikinsa ba ne ya auna ko shawarar hukuma ta dace. Abin dubawarsa shi ne ko tana da hurumi, ko ta bi ƙa'ida, ko kuma hukuncinta ya saɓa wa hankali ƙarara. Takarda guda ce ta cece mu, wato sanarwar da ta nuna an rufe karɓar ƙorafin jama'a kafin a baje rahoton tasirin aikin ga muhalli. A kanta kaɗai aka soke izinin.

Murna ta koma ciki, domin hukumar ta sake buga sanarwa, ta saurari jama'a sama-sama, ta mayar wa kamfanin izininsa, kwalabenmu kuwa ba wanda ya waiwaye su. Ko hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2024 kan rijiyoyin mai na yankin Surrey a Ingila, da ake ta yabo, a kan giɓin rahoton tasiri ga muhalli ya tsaya, saboda ba a lissafa hayaƙin da ƙona man zai fitar ba.

Duk mai shirin irin wannan ƙara ya kai hujjojin kimiyyarsa gaban hukuma tun lokacin jin ra'ayi, a rubuce, ya karɓi shaidar an amsa, domin sai sun shiga fayil ne lauya zai iya cewa an yi biris da su. Ya kuma nemi umarnin dakatar da aiki tun ranar farko. Mu kafin a yanke hukunci har an zuba harsashin ginin masana'antar.