Abin da sarƙar kekena ta koya mini

Na daɗe ina hawan keke don nishaɗi, amma sai bara na fahimci cewa sarƙa ce take fara tona asirin mai keken da ba ya kula da abin hawansa. Wata safiya ina tsakiyar hawan tudu, na taka feda da ƙarfi, sai sarƙar ta zame daga kan haƙora, saura ƙiris in kifa. Laifina ne, domin na yi watanni ina zuba mata mai a kan datti, har ƙura da yashi suka zama baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe.

Yanzu sai na goge ta tas da tsumma, sannan in ɗiga mai a kan kowace gaɓa, in juya feda baya, in share ragowar. Ina kuma auna ta lokaci-lokaci, domin idan tsawonta ya ƙaru da kashi 0.5 zuwa 0.75 cikin 100, gara a canza ta tun ba ta cinye haƙoran giya ba, waɗanda suka fi ta tsada nesa ba kusa ba.