Kalmar “Lada” ta Harshen Likiya da Kuskuren da Na Tafka a Kanta

Ƙannena masu sha'awar bin asalin kalmomi, ina ɗalibi na fara cin karo da harshen Likiya, wanda aka yi magana da shi a kudu maso yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Abin da ya rage daga gare shi rubuce-rubuce ne kusan 200, yawancinsu a jikin kaburburan dutse na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikinsu na ga kalmar “lada” tana ta maimaituwa, sai zuciyata ta raya mini cewa ladanmu ne na Hausa, har na cika shafuka huɗu ina kafa hujja cewa masu kaburburan suna roƙon sakamakon lahira ne.

Malamina ya karanta, ya ajiye takardun, ya ce, “Ka duba kalmomin da ke maƙwabtaka da ita kuwa?” Ban duba ba. Ya buɗe mini hoton wani kabari na garin Limira mai rubutu cikin harsuna biyu, Likiyanci da Girkanci, inda wani mutum mai suna Siderija ya ce ya gina wurin domin kansa da “ladi” tasa da ɗansa. Daidai gurbin “ladi”, Girkancin ya sa kalmar da ke nufin matar aure. Ashe “lada” mata ce, “ladi” kuma siffar da take ɗauka idan ana nufin “domin matarsa”. Kunne kawai na bi, alhali Hausa tana cikin harsunan Cadi, Likiyanci kuwa ɗan gidan Indo-Turai ne, ɗan'uwan harshen Hittiyawa da na Luwiyawa, tsofaffin al'ummomin da suka zauna a ƙasar Turkiyya ta yau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar da ya nuna mini bayan haka, wato “kbatra”, ma'ana ɗiya. Wanda ya ji ta ba zai ce tana da dangi a ko'ina ba, amma ita ce “tuwatra” ta Luwiyanci, “thugater” ta Girkanci, “dukhtar” ta Farisanci. Hujjar tana cikin ƙa'idar sauyin sauti: tsohon “dw” yakan koma “kb” a Likiyanci, shi ya sa “kbi”, mai nufin na biyu ko wani dabam, ta fito daga tushen “dwi”, wato biyu. Da sauyin ya bayyana a kalma ɗaya tak, da ana iya cewa dace ne, maimaituwarsa ce ta mai da shi shaida.

Saboda haka, idan kalmar wani harshe ta yi muku kama da ta Hausa, kada ku yi garaje irin nawa. Ku fara tattara jimlolin da ta fito a ciki, ku nemi rubutu mai fassara, irin dutsen Letoon, wani tsohon wurin bauta a ƙasar Likiya, da aka tono a 1973 ɗauke da Likiyanci da Girkanci da Aramanci, sannan ku binciki ko sautukan suna sauyawa iri ɗaya a wasu kalmomin. Shafukan nan huɗu suna nan a akwatina har yau, da layin jan biron malamina a ƙarƙashin “ladi”.