Yadda na raba magunana da gadon jariri kafin in haihu

Cikina yana wata shida muka haɗa gadon jariri, muka sa masa katifa, muka ajiye teburin canza wa jariri kaya a gefensa. Washegari da safe na shiga ɗakin na tarar da tsohuwar magenmu ta naɗe a tsakiyar katifar tana barci, muzurun kuma ya haye teburin yana lasar ƙafarsa. Shekara bakwai muna tare da tsohuwar, muzurun shekara biyu, kuma ban taɓa hana su wani wuri a gidan ba, saboda haka ban ga laifinsu ba. Sai dai hankalina ya tashi ƙwarai, domin na san jaririn da aka haifa ba ya iya kawar da fuskarsa idan wani abu ya rufe ta, kuma yawancin jarirai ba sa fara mirginawa sai wajen wata 4 zuwa 6. Mage kuwa ɗumi take bi, ba ta da mugun nufi, amma idan ta saba da gadon tun yana wayam, ranar da ta tarar da ɗan jiki mai ɗumi a ciki za ta kwanta ne a jikinsa.

Abin da na fara yi kuskure ne, kuma na ɓata mako biyu a kansa. Duk lokacin da na gan su a gadon sai in daka tsawa, wani lokaci in fesa musu ruwa. Da rana sun daina hawa, har na ɗauka aiki ya yi, amma kowace safiya sai in ga gashi a kan zanin katifar da ɗan lotsawar da kwanciya ke bari. Abin da suka koya shi ne gadon yana da haɗari idan ina kusa, ba komai idan ba na nan. Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar ta fara gudu idan ta ji takuna, alhali a da ita ce ke tarbata a bakin ƙofa. Daga ranar na ajiye kwalbar feshin.

Sai na koma ga dabarar da za ta yi aiki ko ina barci, wato in sa gadon kansa ya zama wurin da babu daɗin kwanciya. Na shimfiɗa takardar alminiyam a kan katifar, domin maguna da yawa ba sa son ƙararta da santsinta a tafin ƙafa. Muzurun ya dira a kai sau ɗaya bai sake ba, amma tsohuwar ta ture takardar gefe ta kwanta. Abin da ya yi mata magani shi ne kwali da na yanka daidai faɗin katifar, na lilliƙa masa salatif mai manne ta fuska biyu. Da ta taka shi sau biyu ta ji yana kama mata ƙafa, sai ta haƙura. Na yi wa teburin irin wannan kwalin. Duk waɗannan na wucin gadi ne, kuma na kwashe su kaf kafin haihuwa, domin gadon jariri ba ya buƙatar komai sai katifa mai ƙarfi da zanin da ya kama ta sosai.

Shawarwari biyu na ƙi ɗauka. Wata ƙawata ta ce in ɗiga man ƙamshi mai ƙarfi, irin wanda ake tatsa daga ganyaye, a jikin gadon, amma likitan dabbobi ya ce kada in kuskura, domin hantar mage ba ta iya sarrafa da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka, suna iya zama mata guba, ga shi kuma ba abin da ya dace jariri ya shaƙa ba ne. Ta biyun ita ce rufin raga mai kama da tanti da ake ɗaura wa gado musamman don hana dabba shiga, wanda na bari saboda an taɓa samun yaran da irinsa ya rufta ya maƙale su.

Likitan nan ne ya yi mini tambayar da ta sauya mini tunani. Ya ce, "Hajiya, kin hana ta gadon, to me kika ba ta a madadinsa?" Ya bayyana mini cewa mage tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma tana neman wuri mai tudu, mai laushi, mai shinge ta kowane gefe, wanda ba a yawan damunta a cikinsa. Da na duba sai na ga gadon jariri ya haɗa dukkan waɗannan, kuma babu wani wuri a gidan da ya kai shi. Maigida ya kafa katako mai faɗi a bakin tagar falo inda hantsi ke sauka, muka ɗora kwando mai zurfi, na shimfiɗa tsohuwar rigata a ciki don ta ji ƙamshin da ta sani. Muzurun muka sama masa nasa a wani tudun dabam, domin ba sa son kwana wuri ɗaya. Duk lokacin da ɗayansu ya hau wurinsa sai in shafa shi, in ba shi ɗan abin da yake so. Cikin kwana goma tsohuwar ta mayar da kwandon gidanta, kuma a ganina wannan ya fi salatif da alminiyam amfani nesa ba kusa ba.

Bayan haka ne na fara rufe ƙofar ɗakin, saura wata biyu in haihu. Na zaɓi in yi shi da wuri ne don kada su haɗu da rufaffiyar ƙofa da kukan jariri da baƙin ƙamshi duk a rana guda. Dare uku muzurun yana kuka yana yakushin ƙofar, abin ya sosa mini rai, amma ban buɗe ba, domin buɗewa sau ɗaya za ta koya masa cewa kuka yana biyan buƙata. Da rana nakan bar su su shiga ina tsaye, su shinshina ƙafafun gado da kayan da aka jera, su fita, saboda na lura ɗakin da aka haramta musu kwata-kwata shi ne suka fi naci a kansa.

Akwai kuma batun akwatin yashin da suke bayan gida a ciki, tunda ƙafar da ta tona yashi ita ce za ta taka katifa. Kashin mage yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tokzoplasma, wadda ke da haɗari ga ɗan da ke ciki, don haka maigida ya karɓi aikin kwashe shi, kuma kullum yake yi, domin ƙwayar tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum.

Da na haihu, tun ina asibiti maigida ya kawo gida wani zanin da aka naɗe jaririyar da shi, ya ajiye musu suka shinshina. Ranar da muka dawo, tsohuwar ta zo ta tsaya kusa da ƙafata, ta miƙa wuya ta shinshina ƙafar yarinyar, sannan ta koma kwandonta. Yanzu watan yarinyar huɗu, ban sake ganin gashi a katifarta ba, amma har yau idan tana barci ƙofar a rufe take, kuma kafin in rufe sai na leƙa ƙarƙashin gado da bayan labule.