Littafin da ba a mutuwa a cikinsa

Juma'a, 27 ga Disamba, 2024

Sanyin yau har cikin ƙashi. Na isa laburare ƙarfe tara, na tarar da sashen matasa wayam, 'yan makaranta suna hutu. Abokiyar aikina, wata dattijuwa Bayahudiya, ta roƙe ni in tsaya mata da yamma don tana so ta isa gida kafin faɗuwar rana. Abu biyu ne suka haɗe musu yau: shigowar Asabar ɗinsu ta hutu, da dare na uku na Hanukka, bikin Yahudawa na kunna kyandirori, wanda bana ya fara ran Kirsimeti da daddare. Na ce ta je abinta. Ita ma ta sha tsaya mini ranar Sallah.

Wajen sha ɗaya wata yarinya ta shigo, ba za ta haura shekara sha biyar ba. Sau uku tana zagaya kantocin littattafai kafin ta iso teburina. Murya ƙasa-ƙasa ta ce tana neman labarin soyayya mai ban dariya, wanda yarinyar ciki Bayahudiya ce, kuma mace 'yar uwarta take so. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Wanda ba wanda zai mutu a ciki."

Wannan maganar ce ta wuni tana yi mini yawo a ka. Duk wanda ya yi aiki a nan ya san inda ta dosa. Kaso mai tsoka na littattafan yara da ke maganar Yahudawa kan kisan kiyashin zamanin Hitler suke, rayuka miliyan 6, kuma wajibi ne a karanta su. Tsofaffin labaran masu son jinsi ɗaya kuwa, in ba a kori yaro daga gida ba, to an binne shi a babin ƙarshe. Yarinyar da ta haɗa biyun, duk inda ta leƙa don ta ga mai kama da ita, makoki take tararwa.

Biyu na miƙa mata. Na farko The Upside of Unrequited na Becky Albertalli, na 2017. A Takoma Park labarin ya faru, wani gari a gefen birnin Washington na Amurka, tafiyar 'yan mintoci daga nan. Tagwaye ne Yahudawa, ɗaya tana soyayya da wata yarinya, iyayensu mata biyu kuma suna shirin biki bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2015 da ya halatta irin wannan aure a duk faɗin ƙasar. Na biyu How to Excavate a Heart na Jake Maia Arlow, na 2022, a birnin Washington lokacin hutun hunturu, inda 'yan matan biyu suka fara haɗuwa a sanadin mahaifiyar ɗaya ta bugi ɗayar da mota. Da na faɗa mata haka ta kwashe da dariya, ta toshe baki, kafaɗunta suka sauka. Ta karɓi duka biyun.

Da azahar na ba abokiyar aikina labari. Ta ce su ma Yahudawa bakinsu bai zo ɗaya ba a kan wannan batu. Ɓangaren Reform, na masu sassauci, ya amince tun 1990 masu son jinsi ɗaya su zama malaman addini, 'yan gargajiya na Orthodox kuwa ba su yarda ba har yau. Ta ce abin da ke burge ta a waɗannan littattafai shi ne yaran ba sa barin teburin gidansu. Ana kunna kyandir, kaka tana tsegumi, ana gardama kan abinci, soyayyar kuma tana tafiya a tsakiyar hayaniyar.

Ban ɓoye mata ba, ni ma na san abin da aka tarbiyyantar da ni a kai, kuma ban zubar da shi a filin jirgi da na zo Amurka ba. Amma na san wani abin kuma. Na san yadda muke tura littattafan soyayya ƙarƙashin katifa a makarantar kwana, ana karba-karba har bangon ya yage, da yadda zuciyata ta yi ranar da aka cinna wa irinsu wuta a Kano a 2007. A nan ma ba a tsira ba. Ƙungiyar laburarorin Amurka ta ƙirga littattafai 4,240 da aka nemi a kawar daga kantoci a 2023 kaɗai, da yawansu irin waɗanda na miƙa wa yarinyar nan ne. Da na ce mata babu, gida za ta koma da tabbacin cewa labarin irinta kuka ne kawai. Wannan nauyin ba zan iya ɗaukarsa ba.

Kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Na yi magariba a ɗan ɗakin ajiya, na kulle, na fito. A hanya na wuce gidaje da kyandirori a taga, uku-uku, ga na huɗun da ake kunna su da shi ya ɗan fi su tsawo. Akwai sauran kwafi ɗaya na littafin Arlow, na aro shi da katina. Yara sun yi barci, shayi ya huce, ina babi na huɗu.