Keken tsere na farko: abin da na duba kafin in biya kuɗi

'Yan uwa masu koyon hawan keken tsere, ga inda aka kwana. Keke ya zo hannu. Na hannu ne, irin wanda 'yan kasuwa ke kira ɗan Beljiyam, bodinsa alminiyam, lamba 54, giya biyu a gaba takwas a baya. Akwai waɗanda suka fi shi sheƙi a cikin waɗanda aka jera mini a nan Kano, har da wani na kabon, wato wani sinadari mara nauyi da ake yin bodi da shi maimakon ƙarfe, da za ka ɗaga da yatsu biyu, amma wannan ne ya zo daidai jikina, kuma kayan gyaransa ba sai an aika Legas ba.

Maganar girman bodi ita ta fi cin mini lokaci. Mu da muka taso kan Phoenix da Raleigh mun saba keke ɗaya ne gida duka, uba ya hau, yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa. Keken tsere ba ya yarda da wannan. Kana kife ne a kansa, nauyinka ya rabu tsakanin sirdi da hannu da feda, don haka in bodin ya yi maka tsawo, wuya da kafaɗa da ƙugu ne za su biya. Ana auna shi da santimita: 52, 54, 56, 58. Mai tsawon mita 1.70 zuwa 1.75 galibi 54 ke yi masa, ko da yake lambar wani kamfani ba ta zama daidai da ta wani. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji ai sai a sauke sirdi, shi ke nan." Sauke sirdi yana rage tsayi ne kawai, nisan da ke tsakaninka da kan keken yana nan yadda yake. Ka hau, ka ɗora hannu a kan marikin birki. In sai ka miƙe gwiwar hannu sarai kafin ka kai, ajiye shi ko da an yi maka ragi.

Tsayin sirdi kuwa da lissafi na saita shi. Ka tsaya ba takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da ya fito ka ninka shi da 0.883. Ana danganta wannan lissafi da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Wanda ya sami santimita 80, sirdinsa zai tsaya wajen 70.6 daga tsakiyar sandar da ke juya feda zuwa saman sirdi. Da farko za ka ji kamar an rataye ka, don ƙafa ba ta dafa ƙasa sosai kana zaune. Haka abin yake. Gwiwa ce ke hutawa.

Na kabon ɗin nan na bar shi da gangan. Ƙarfe in ya fashe mai walda zai ɗinke shi, alminiyam in ya sha bugu za ka ga lotsawa ko tsaga da idonka. Kabon kan iya tsagewa a ƙarƙashin fenti ba ka sani ba, kuma keken da ya ƙetaro teku a kwantena, an danne shi da wasu kekuna, ba wanda zai ba ka tarihinsa. Bambancin kilo ɗaya ko biyu ba shi ne matsalar ɗan koyo ba.

Sai giya. Yawancin kekunan da ke shigowa kayan Shimano ne a jikinsu, kuma hawa-hawa suke: Claris mai giya takwas a baya, Sora mai tara, Tiagra mai goma, sannan 105 mai sha ɗaya, sababbinsa ma sha biyu. Kowa 105 yake ambato. Amma gwargwadon yawan giya gwargwadon sirancin kaca, ga tsada, ga wuyar samu. Kacar mai takwas ita ce dai ake sa wa mai bakwai da mai shida, kusan duk mai kayan keke yana da ita a rataye. Wannan ya sa na tsaya a Claris. Haƙoran gaba 50 da 34 ne, na baya daga 11 zuwa 32. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ban cika neman mai 32 ba sai in iskar hunturu ta taso ta gaba, amma 'yan uwanmu na Jos kada su karɓi keken da babban haƙorinsa na baya bai wuce 25 ba, hawan dutse zai sa su sauka su tura.

Kafin in biya na zo da tef ɗin awo na tela. Tsakanin kowace ƙusa da ta kusa da ita a jikin kaca rabin inci ne, don haka tazara 24 ya kamata ta ba da inci 12 cif. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, kacar ta gama aiki, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya tare da ita, sai ka cire kuɗinsu daga ciniki. Na ɗaga ƙafar gaba na juya ta ina kallon tazararta da robar birki, ko rim ɗin yana rawa. Na matse birkin gaba na girgiza keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya to boris ya saki. Na kuma sa aka kwance sandar sirdi a gabana. Mai keken ya ɗan ɓata rai, amma sandar da ta ci tsatsa ta manne a bodi ba ƙaramar wahala ba ce, kuma duk lissafin tsayin sirdi ya tashi a banza in ba ta motsi.

Abin da hanya ta koya mini tun da na fara fita bayan sallar asuba shi ne taya. Keken ya zo da mai faɗin milimita 23, siririya, mai son iska da yawa, duk wani tsagin kwalta sai ka ji shi a haƙoranka. Na mayar da ita 28, wadda ita ce iyakar abin da birkin rim ɗina ke bari ta wuce. Keken ya natsu, yashin gefen titi ya rage ja na, faci ma ya ragu. Wanda bai saya ba tukuna ya leƙa tazarar da ke tsakanin taya da bodi. Masu birkin faifai sukan ɗauki 32 ko fiye, kuma a titunanmu wannan ya fi ƙarin giya amfani. Girman ƙafar 700c ne, ba 26 na keken hawan dutse ba, don haka tif ɗinsa daban. Bawul ɗin ma siriri ne, Presta ake ce masa, famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da ɗan ƙaramin ƙarfen da ake ɗaurawa a kai. Nawa yana cikin jakar ƙarƙashin sirdi tare da tif na ajiya da ƙaramin famfo.

Hular kwano da fitilar baya na saye su rana ɗaya da keken, na sa su cikin kuɗinsa tun farko, domin masu adaidaita sahu ba su saba da keke mai wannan gudu ba, suna shan gabanka su tsaya ɗaukar fasinja. Wandon nan mai soso a ciki ina sa shi a ƙarƙashin dogon wando, ya raba ni da ciwon zama.

Yanzu hannuna ya saba da saman marikin birki, amma riƙon ƙasa, inda kan keken ya lanƙwasa, har yanzu ba na daɗewa a kai, bayan wuya ke gajiya. Shi nake koyo a miƙaƙƙiyar hanya in babu motoci. Fedar da ke kama takalmi na ɗage ta sai na iya ciro gorar ruwa in sha in mayar ba tare da keken ya karkace ba.