Ibadawa da birnin Gao

Yau bayan la'asar wani ɗalibi ya tsaya kai da fata cewa tun ranar farko mazhabar Malikiyya ce ta shigo Gao, birnin nan na bakin kogin Kwara a Mali. Maganar ta tsaya min a rai, domin fatake Musulmi da suka fara sabawa da wannan kasuwa yawancinsu Ibadawa ne, wato mabiya mazhabar Ibadiyya, wadda ba ta Sunni ba ce kuma ba ta Shi'a ba. Cibiyarsu Tahart ce, a Aljeriya ta yau, ƙarƙashin imaman Banu Rustam. Ayari kan taso daga can ya sauka garin Wargla, shi ma a Aljeriya, ya keta hamada zuwa Tadmakka a arewacin Mali, sannan ya gangaro bakin ruwa. A nan raƙumi ke sauke gishiri da tagulla da duwatsun ado, kwalekwale ya karɓa, zinariya da bayi kuma su kama hanyar arewa. Mahaifin Abu Yazid, jagoran tawayen Ibadawa da ake kira Mai Jaki, ɗaya ne cikin fataken wannan hanya. Abu Yazid ɗin ne ya ƙwace birnin Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, daga hannun Faɗimawa, daular 'yan Shi'a, a 944, ya rasu a 947 bayan an murƙushe tawayensa.

To me ya sa babu Ibadawa a Gao yanzu? Faɗimawa sun kawo ƙarshen daular Tahart a 909, sai fataken suka rasa gatan da ke tsaya musu. A ƙarni na 11 kuma Murabiɗun, wata ƙungiyar jihadi daga yammacin Sahara, suka taso da fiƙihun Imamu Malik, malamansa suka cika hanyoyin. Abin da ke damuna shi ne yaranmu na haddace sarakunan Songhai, amma da wuya ka ji malami ya ambaci sunan Tahart a aji.